Amsa ga mai koyon Sifaniyanci: yadda bakinka zai saba da "zan yi, za mu yi"

Wani ƙanenmu daga wani ƙauye a yankin Gumel ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam ina koyon Sifaniyanci a waya, don ina taya yayana harkar zoɓo kuma an ce mana masu sayen can ƙarshe mutanen Meziko ne, ga kuma son ƙwallon Sifen. Na ɗan iya faɗin abin da nake yi yanzu, amma da na zo wajen zan yi kaza za mu yi kaza sai kaina ya ɗaure, wani wuri in ga voy a comer, wani wuri in ga comeré. Wanne ne daidai? Kuma ya zan yi in saba tunda a nan ba ni da wanda zan yi magana da shi?"

Toh ƙanena, duka biyun daidai ne, duka suna nufin zan ci. Amma in shawarata za ka bi, ka ajiye comeré a gefe tukuna, ka kama voy a comer ka yi ta juya shi da baki a kan harkokinka na gobe da jibi har sai ya zama ba ka tunani kafin ya fito, sannan ka dawo kan ɗayan. Na daɗe ina koyar da yaren nan kuma abin da na fi ganin yana kashe wa ɗan koyo gwiwa shi ne haɗa biyun a rana ɗaya, ya haddace wannan rabi wancan rabi, in aka ce ya yi magana sai ya tsaya yana kallon sama. Su kansu masu yaren, musamman mutanen Meziko da Kolombiya da Ajantina da sauran yankin, a hirarsu ta yau da kullum voy a ɗin nan suka fi yi nesa ba kusa ba. Kenan ba wai hanyar ragwaye na nuna maka ba, ita ce wadda za ka fi ji a bakin mutane.

Ga yadda ake gina ta. Akwai aikatau ir, wato tafiya, shi kaɗai za ka haddace a lokacin yanzu: voy, vas, va, vamos, vais, van. Ni, kai, shi ko ita, mu, ku, su. Sai ka sa ɗan ƙaramin a a bayansa, sai ka kawo aikin da za a yi yadda yake a ƙamus ba ka taɓa shi ba, wato wanda ya ƙare da ar ko er ko ir. Voy a comprar, zan saya. Vas a vender, za ka sayar. Va a salir, zai fita ko za ta fita. Vamos a trabajar, za mu yi aiki. Van a venir, za su zo. Shikenan fa, kalma 6 ka haddace amma duk wani aikatau da ka taɓa gani a yaren ka iya kai shi gobe. Kuma in ka lura abin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, mu ma "za" ɗin nan namu na tafiya ne, ai kana cewa za ni kasuwa, ina za ka, ba tare da ka sa wani aikatau ba, kuma da shi ɗin dai kake cewa zan saya, za ka sayar. Yadda muka ɗauki kalmar tafiya muka mai da ita ta abin da bai zo ba tukuna haka su ma suka yi. Don haka kar ka riƙa biyo wa ta Turanci a kanka duk da cewa manhajar da kake koyo da Turanci take maka bayani, ka tashi daga Hausa kai tsaye: zan shi ne voy a, za mu shi ne vamos a, za su shi ne van a.

Wajen furuci ma an rage maka aiki. Harafin v a Sifaniyanci sautinsa ɗaya da b, don haka voy "boi" ne, vamos "bamos", van "ban", ba sai ka wahalar da leɓe ba. Wasulansu 5 ne irin namu, a e i o u, sai dai ba su da dogo da gajere. Harafin h ba a furta shi sam, hablar, yin magana, "ablar" ne, hacer "aser" a bakin ɗan Meziko. Shi ya sa in suna sauri va a hablar sai ka ji kamar "bablar" da ɗan ja, ka ɗauka sun yar da a ɗin, ba su yar ba haɗiye shi suka yi, kuma kai in za ka rubuta dole ka sa. Kuskure biyu nake yawan gyarawa a nan: mantawa da a, mutum ya ce voy comer, da kuma juya aikatau na biyu, ya ce voy a como. Aikatau na biyun ba a taɓa shi, ir ne kaɗai ke ɗaukar nauyin waye zai yi. Ba kuma sai ka ce yo voy ba, voy ɗin ya riga ya nuna ni ne, sai in kana son jaddadawa irin "ni ne zan je ba kai ba". Sannan ba ruwansu da za ka da za ki, vas a ne ga mace da namiji. Korewa kuwa no ɗaya tak a gaba, no voy a vender, ba zan sayar ba, ba irin namu mai ba a farko ba a ƙarshe ba.

Yanzu maganar sabo, wadda ita ce ainihin tambayarka. Manhaja irin Duolingo tana da amfaninta, ba na kushe ta, amma abin da take koya maka shi ne ganewa: a jera maka kalmomi ka taɓa su bi da bi, ta yi maka ƙara mai daɗi ka ji kai gwani ne. Ganewa daban, fito da magana daga cikinka daban. Kuma jimlolinta na rayuwar wasu ne, zan je bakin teku, za mu hau jirgin ƙasa zuwa Madrid, kai kuwa gobe gona za ka. Jimlar da ba ta shafe ka ba ba ta zama a kai. Saboda haka ka nemi kalmomin da ranarka take ciki ka rubuta a bayan littafi: sembrar shuka, cosechar girbi, regar ban ruwa, rezar yin sallah ko addu'a, ayunar azumi, pagar biya, llamar kira, cargar yin caji ko lodi, llevar kaiwa, traer kawowa. Gero mijo, dawa sorgo, wake frijoles, gyaɗa cacahuate in da ɗan Meziko kake, riɗi ajonjolí ko sésamo, akuya cabra, rago carnero, buhu saco ko costal, kasuwa mercado. Zoɓon naku kuwa a Meziko jamaica suke ce masa, ana furtawa "hamaika", busasshen flor de jamaica, wanda aka jiƙa ake sha kuma agua de jamaica, kuma gaskiya aka faɗa muku, mafi yawan zoɓon da ke fita daga Najeriya can yake nufa.

Da waɗannan sai ka ga jimloli suna zuwa da kansu. Voy a regar los tomates. Mi hermano va a llevar la jamaica al mercado, yayana zai kai zoɓo kasuwa. Vamos a cosechar el mijo. Voy a cargar el teléfono, wannan kam kullum sai ka faɗe ta a hanyar shagon mai caji. In hadari ya haɗo daga gabas ka ɗaga kai ka ce va a llover, za a yi ruwa, kuma wannan ita ce asalin wurin da voy a ya fi dacewa, abin da alamarsa ta riga ta bayyana ko niyyarsa ta riga ta ƙullu.

Sai kalmomin lokaci, don su ne ke sa jimla ta tsaya da ƙafarta. Hoy yau, mañana gobe, ana furta ñ ɗin kamar "ny", manyana. Pasado mañana jibi. Gata da citta ba su da kalma guda, sai dai dentro de tres días, dentro de cuatro días, nan da kwana 3, nan da kwana 4, a nan kam mun fi su arziki. La semana que viene sati mai zuwa, el mes que viene wata mai zuwa, el año que viene baɗi. Esta tarde yau da yamma, esta noche yau da dare. Mañana ɗin nan kuma ita ce dai safiya, shi ya sa gobe da safe yake zama mañana por la mañana, kar ka ɗauka in'ina ce. Ranaku ba a sa musu komai sai el: el jueves ran Alhamis, el viernes ran Juma'a, el domingo ran Lahadi, kuma da ƙaramin harafi ake rubuta su. El jueves voy a ir a Maigatari, ran Alhamis zan je Maigatari tunda ranar kasuwar ke ci. Ka ga voy a ir, tafiya sau biyu a jere, daidai ne haka ake faɗa. Af, in Allah ya haɗa ka da ɗan Meziko ya ce maka ahorita zai turo kuɗi, to irin "yanzun nan" ɗin telanmu ne ana gobe sallah, yana iya zama minti 5 yana iya zama sati.

Tsarin da nake ba ɗalibai ba shi da wani ado. Da asuba bayan ka idar, kafin ka taɓa waya, ka faɗi abu 5 da za ka yi yau da ƙarfi, ba a zuci ba, don baki ne ke koyo ba ido ba. Da dare ka faɗi 5 na gobe. Sai ka ɗauki ɗaya daga ciki ka zagaya da ita gidan gaba ɗaya: voy a comprar arroz, zan sayi shinkafa, sai ka ce Inna za ta saya, mi madre va a comprar arroz, mu za mu saya, vamos a comprar, yara za su saya, los niños van a comprar, sai ka kore ta, sai ka mai da ita tambaya, ¿vas a comprar arroz? Jimla ɗaya ta haifi 6 ko 7 kuma ba ka ci data ko ta sisi ba. A kan hanyar gona ma ana yi, a kan mashin ma ana yi, in mutane suka ga bakinka na motsi su ɗauka lazimi kake. Sau ɗaya a sati ka ɗauki muryarka a waya na minti 1 kana faɗin shirin satin, ka ajiye kar ka goge, bayan wata guda ka saurari na farkon ka kwatanta da na yanzu, kai da kanka za ka ji inda kake tsayawa kana laluben kalma da inda ka daina.

In ka ji voy a ya zauna, wato kana iya jero jimla 10 ba ka tsaya ba, to ka buɗe ɗayan. Kuma ba shi da wahalar da ake zuzutawa, a ganina ma shi ne mafi sauƙin lokuta a yaren. Ba a yanke komai, aikatau ɗin ƙamus gaba ɗayansa za ka ɗauka ka liƙa masa wutsiya: é, ás, á, emos, éis, án. Hablar ya zama hablaré, hablarás, hablará, hablaremos, hablaréis, hablarán. Comer ya zama comeré, comerás, comerá. Vivir ya zama viviré, vivirás, vivirá. Wutsiya iri ɗaya ce ga masu ar da er da ir, ba kamar lokacin yanzu ba da kowane gida da nasa. Har waɗanda suka saba ba ka wahala a wasu wurare, ser da ir da estar da ver da dar, a nan sun yi ladab: seré, iré, estaré, veré, daré. In kana son abin da zai riƙe maka wutsiyoyin, asalinsu aikatau haber ne, he, has, ha, hemos, han. A da can kalma biyu ce, cantar he, kamar a ce waƙa na gare ni in yi, da tafiya ta yi tafiya suka manne suka zama cantaré. Cire h ɗin da dama ba a furtawa ka ga ai su ne. Wanda ya yi Faransanci a Nijar ko ya zauna da 'yan Damagaram zai gane abin nan take don su ma haka nasu ya samu.

Ɗan karan da ke saman wasalin ƙarshe ba kwalliya ba ne. Yana nuna inda za ka danna murya: hablaRÉ, hablaRÁS, hablaRÁN, a gaɓar ƙarshe. Emos ne kaɗai ba shi da shi don shi a RE ake dannawa, hablaREmos. In ka rubuta hablara babu karan ka rubuta wata kalma daban ta wani babin nahawu da ba ka kai ba tukuna. Mu da muka san bambancin da karin sauti ke kawowa a Hausa wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. A waya in ka danne harafin ka riƙe zai fito maka da é ko á, ko ka ƙara Sifaniyanci cikin yarukan allon rubutunka, har ¿ da ñ za ka samu.

Masu taurin kai 12 ne, kuma wutsiyarsu ba ta canzawa, gindin ne ke ɗan lotsewa. Fartanyar da aka fi noma da ita ita ke fara cinyewa, to su ma don an fi yawan faɗarsu ne suka gajarce. Wasu sun yar da e: poder podré, saber sabré, haber habré, querer querré, caber cabré. Wasu sun yar da wasalin sun sa d a gurbinsa: tener tendré, poner pondré, salir saldré, venir vendré, valer valdré. Biyu kuma sun ƙanƙance sosai: decir diré, hacer haré. Kar ka ce sai ka haddace su rana ɗaya. Tendré zan samu, podré zan iya, haré zan yi, diré zan faɗa, vendré zan zo, saldré zan fita, da habrá, su za ka fi buƙata, cabré kuwa sai ka yi wata ba ka neme shi ba. Habrá ɗin nan ka riƙe shi da kyau, shi ne "za a samu" ko "akwai" na gaba, habrá partido el domingo, akwai wasa ran Lahadi. Kuma duk wanda aka gina a kan ɗayansu yana bin uban gidansa, mantener mantendré, suponer supondré.

A nan akwai wani rami da Bahaushe ke faɗawa wanda ɗan wani yaren ba lallai ya faɗa ba, kuma ya shafe ka tunda kasuwanci ne a gabanka. Bakinmu ba ya son baƙi uku a jere, in muka ga ndr sai mu cusa wasali a tsakiya yadda muka mai da kalmomin aro da yawa, tendré ya koma "tendire", saldré ya koma "saldire". A waɗannan za a gane ka ko da an yi murmushi. Amma venir da vender fa? Vendré zan zo, venderé zan sayar. Wasali ɗaya ne tsakaninsu, kuma shi ne daidai wanda bakinka ke son cusawa. Ka ce wa mutum vendré el jueves, zan zo ran Alhamis, bakinka ya zame ya fito "bendere", shi kuma ya ji za ka sayar da kayan ran Alhamis alhali shi ya ce a ajiye masa. Maganinsa ka raba shi biyu, "ben" ka ɗan tsaya, sai "dre" da sauri harshe ya taɓa sau ɗaya, ka yi ta faɗin biyun a jere, ben-dre, ben-de-re, gaɓa 2 da gaɓa 3, kana ƙirgawa da yatsa. Na biyu shi ne p. Mu p da f duk abu ɗaya ne a bakinmu, su kuwa a'a. Podré, pondré, pagaré, ka haɗe leɓɓa gam sannan ka sake su, in iska na fita tun kafin ka buɗe to f kake yi. Querré kuma r biyu ne, sai harshe ya kaɗa sosai irin yadda masu kiran awaki ke yi, wannan ba ya ba Bahaushe wahala.

To yaushe ake wanne? Ba wata katanga a tsakani, sau da yawa kowanne ka sa ya yi. Amma comeré da 'yan uwansa sun fi fitowa a rubutu, labarai, sanarwa, alƙawari, hasashe da abin da ke nesa. Te pagaré, zan biya ka, da nauyin alƙawari a ciki. Algún día iré a México, wata rana zan je Meziko. Ya veremos kuwa shi ne "ma gani" namu sak, har da ɗan ɗage kafaɗar. Akwai kuma hanya ta uku da ba ka tambaya ba, lokacin yanzu kawai da kalmar lokaci, mañana voy al mercado, gobe za ni kasuwa, mañana te llamo, gobe na kira ka, ana yin ta sosai ga abin da aka riga aka tsayar.

Wani aikin da wannan mai wutsiyar yake yi wanda ke rikita masu koyo ta Turanci amma mu bai kamata ya rikita mu ba shi ne kintace. A buga ƙofa mutum ya ce ¿quién será?, ba wai waye zai zama ba, ko waye ne oho. A tambayi shekarun yaro a ce tendrá veinte años, ba nan gaba ake nufi ba, yanzu ake nufi. Mu ma ai haka muke cewa, zai yi shekara 20, zai kai buhu 10, yanzu ƙarfe 3 za ta yi, serán las tres. ¿Dónde está tu hermano? Estará en el mercado, zai kasance yana kasuwa. Voy a ba ya wannan aikin, don haka in ka ji mai wutsiya a wurin da ba maganar gobe ake ba to kintace ne.

Sai "in" da "idan". Ka duba yadda kake faɗa da Hausa: in aka yi ruwa zan yi shuka. Ba ka ce in za a yi ruwa ba, ɓangaren farko ba ya ɗaukar za, na biyun ne ke ɗauka. Haka yake a can, si llueve, voy a sembrar ko sembraré. Si lloverá kuskure ne. Si tengo dinero, compraré un carnero, in na sami kuɗi zan sayi rago. Amma in si ɗin na nufin "ko" to ya halatta, no sé si vendrá, ban sani ba ko zai zo. Cuando kuma, wato sa'ad da, yana jan wani salo daban da za ka koya nan gaba, a yanzu ka haddace 3 kawai yadda suke kamar karatun allo: cuando llegue in na iso, cuando pueda in na samu dama, cuando termine in na gama. Cuando llegue te llamo. Kar dai ka ce cuando llegaré. A tambaya kuwa ba laifi, ¿cuándo llegarás?, yaushe za ka iso.

Na san bakinka ba zai iya faɗin zan yi kaza gobe ba tare da in sha Allah ba, kuma ba sai ka bari ba. Suna da si Dios quiere, in Allah ya so, a Meziko kuma za ka ji primero Dios. Akwai ojalá, "ohala", wadda daga Larabci ta shigo musu tun zamanin Andalus, Musulmi sun yi mulki a sassan Sifen daga 711 har 1492, amma ita yanzu ma'anarta ta koma Allah ya sa, kuma ba a bin ta da lokaci mai zuwa, ojalá llueva ake cewa, Allah ya sa a yi ruwa.

Tunda da manya za ka yi hulɗa in harkar ta yi nisa, ka saba da usted, shi ne na girmamawa, yadda muke ce wa babba "ku". Yana tafiya da siffar shi ko ita: ¿cuándo va a pagar usted?, ¿va a comprar más?, le enviaremos la muestra el lunes, za mu turo muku samfur ran Litinin. Vais da éis kuwa na vosotros ne, wato "ku" na mutane da yawa, a Sifen ake yin su, Meziko da sauran ƙasashen yankin ustedes van a suke cewa ga "ku" ko yara ne ko manya. Ka san su don kar su ba ka tsoro in ka ji a hirar 'yan wasan Madrid ko Barcelona, amma kar ka ɓata lokacin haddarsu yanzu.

Maganar rashin abokin hira, gaskiya ne matsala ce amma ba ta kai yadda kake ji ba a wannan matakin. Ka samu ko mutum ɗaya a gidan kallo da zai yarda ya haddace tambaya 2, ¿qué vas a hacer mañana?, me za ka yi gobe, da ¿quién va a ganar?, wa zai ci, ya riƙa jefo maka su duk inda kuka haɗu, kai kuma dole ka amsa da sabuwar jimla kowane lokaci. Ba sai ya gane amsar ba. Kafin wasa ka yi hasashe, el Madrid va a ganar, van a perder, no habrá goles. Don kunne kuma ba abin da ya kai hasashen yanayi, ka nemi "el tiempo mañana" a YouTube ranar da sabis ya yi kyau ka sauke guda 2 ko 3 gajeru, cike suke da lloverá, habrá, hará calor, subirán las temperaturas, kuma ga taswira a gabanka tana fassara maka. Ka saurari guda ɗaya sau da yawa ya fi ka saurari goma sau ɗai-ɗai.

Ga aikin gida, ka juya waɗannan ta hanya biyun kafin ka leƙa amsa. 1, gobe da safe zan shuka gero. 2, ba za mu sayar da zoɓon yau ba. 3, yayana zai zo ran Alhamis. 4, yaushe za ka biya? 5, in aka yi ruwa ba zan fita ba. 6, za su gaya maka gaskiya.

Amsa: 1, mañana por la mañana voy a sembrar mijo, ko sembraré mijo. 2, no vamos a vender la jamaica hoy, ko no venderemos. 3, mi hermano va a venir el jueves, ko vendrá, gaɓa 2 ka tuna. 4, ¿cuándo vas a pagar?, ko pagarás, in babba ne va a pagar ko pagará. 5, si llueve, no voy a salir, ko no saldré. 6, te van a decir la verdad, ko te dirán la verdad. A ta 6 ɗin ka lura da inda te ya zauna, da van a kana iya sa shi a gaba ko ka manna shi a ƙarshe, van a decirte, duka daidai ne, amma da dirán a gaba kawai yake zama. In ka yi su ka ɗauki muryarka kana karanta ta 3 da ta 4 ka turo, su biyun nake son in ji.